Jami'o'in Biranen Amurka Sun Gaji Da Zaman Haya A Filayen Ƙwallo

A ƙasar Amurka ƙwallon jami'o'i babban kasuwanci ne. Ana nufin irin ƙwallon nan tasu da ake runguma a ruga da ita, ba wadda sauran duniya ke bugawa da ƙafa ba. Jami'o'in ƙananan garuruwa sun daɗe da mallakar filayensu, amma da dama daga cikin na manyan birane, saboda tsadar fili da cunkoso, sun shafe shekaru suna haya a filayen ƙungiyoyin ƙwararru ko na hukumar birni. A 'yan shekarun nan sun shiga gina nasu ɗaya bayan ɗaya.

Dalili na farko sananne ne ga duk ɗan kasuwar da ya taɓa zaman haya. Bayan kuɗin hayar, sau da yawa mai fili ne ke kwashe kaso mai tsoka na kuɗin ajiye motoci, da cinikin abinci, da allunan talla, da ɗakunan manyan baƙi. Na biyu kuwa ya shafi farashi. Jami'ar Tulane da ke New Orleans ta yi wasanninta daga 1975 zuwa 2013 a filin Superdome mai kujeru fiye da 70,000, wanda ba ta iya cikawa. Muddin mai saye ya san tikiti ba zai ƙare ba, babu abin da zai sa ya biya kuɗin kakar wasa gaba ɗaya tun da wuri. Saboda haka a 2014 ta buɗe nata filin mai cin mutum 30,000 kacal.

Ba daga aljihu ɗaya ake biyan irin wannan gini ba. Jami'ar Minnesota, wadda ta zauna a filin Metrodome daga 1982 zuwa 2008, ta buɗe nata a 2009 a kan kimanin dala miliyan 288. Gwamnatin jiha ta ɗauki kusan rabi, bankin TCF ya biya dala miliyan 35 domin a sa wa filin sunansa na shekara 25, sauran kuma ya fito daga gudummawar masu hali, da kuɗin ajiye motoci, da wani kuɗi da aka ɗora wa ɗalibai. A Jami'ar Houston ɗaliban ne da kansu suka jefa ƙuri'a a 2012 suka amince da ƙarin dala 45 a kowane zangon karatu.

Inda gizo ke saƙar shi ne, ƙungiyar jami'a wasa shida ko bakwai kawai take yi a gida a shekara, alhali bashin ginin yakan ɗauki shekara ashirin zuwa talatin ana biya da kuɗin ruwa. Jami'ar Akron da ke jihar Ohio ta kashe fiye da dala miliyan 60 a filin da ta buɗe a 2009. 'Yan kallo ba su zo yadda aka zata ba, bashin kuma bai jira su ba. A 2015, da kuɗi suka yi mata ƙaranci, ta soke guraben aiki fiye da 200. Ba filin kaɗai ya jawo haka ba, amma ya ƙara wa kayan nauyi.

Jami'ar San Diego State ta bi wata dabara: ita ma ta zama mai ba da haya. Filin da ta buɗe a 2022 a kan dala miliyan 310 yana karɓar ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa na ƙwararru, maza da mata, da kuma bukukuwan kaɗe-kaɗe, ta yadda ba ya zama a rufe yawancin shekara.

Akwai kuma maƙwabta. Jami'ar Temple ta so gina fili na dala miliyan 130 a arewacin Philadelphia, mazauna unguwar suka tashi tsaye saboda fargabar hayaniya da cunkoson motoci da tashin kuɗin haya. Shirin ya tsaya cik a 2018, jami'ar ta ci gaba da haya a filin ƙungiyar Eagles. Ita kuwa Jami'ar South Florida da ke Tampa ta samu izinin cin bashin dala miliyan 200 a 2023, ta aza harsashin nata ginin a 2024.