Ƙaramar Hukuma, Mai Unguwa Da Liman: Wa Ke Da Alhakin Tsaron Layinmu?

Duk lokacin da aka yi faɗan daba ko ƙwacen waya a wata unguwa ta Kano, abin da ake fara ji shi ne: ina 'yan sanda? Ba kasafai ake cigiyar shugaban ƙaramar hukuma ko kansila ba. Dalili kuwa, Tsarin Mulkin 1999 ya keɓe rundunar 'yan sanda ga gwamnatin tarayya, ta yadda babu ko ɗaya daga ƙananan hukumomi 44 na jihar da ke da ɗan sanda nata na kanta.

Sai dai wannan kundin ya damƙa wa ƙaramar hukuma wasu abubuwa da ɓarna ke fakewa a cikinsu: fitilun titi, kasuwanni, tashoshin mota, sanya ido kan shaguna, da bai wa layuka suna da gidaje lamba. Lungu mai duhu da tashar da ba a san masu kwana cikinta ba, nan ake sayar da ƙwaya, nan ake wasa wuƙa. Gyara fitila ɗaya kan hana abin da motar sintiri ba za ta riska ba sai bayan jini ya zuba.

Amma ƙaramar hukuma ita kaɗai makauniya ce. Mai unguwa ya san wanda ya ba baƙo hayar ɗaki. Liman ya san yaron da ya daina zuwa sahu, ya san uwar da ke kuka a ɓoye. DPO ke da ikon kama mai laifi, NDLEA ke bin dillalan ƙwaya, Hisbah kuma, wadda Kano ta kafa da doka a 2003, ta ƙware wajen sulhu da nasiha. Kowa na riƙe da wani yanki na labarin. Aikin shugaban ƙaramar hukuma shi ne ya zaunar da su wuri guda a kai a kai, a rabu kowa ya san nauyin da ya ɗauka. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ma ta tanadi kwamitocin haɗin gwiwa da al'umma.

Wannan ba baƙon abu ba ne a addininmu. Manzon Allah (SAW) ya halarci Hilful Fudul a gidan Abdullahi ɗan Jud'an tun kafin aike, inda wasu dangogin Ƙuraishawa suka yi alkawarin tsaya wa wanda aka zalunta, ya kuma yaba wannan alkawari bayan zuwan Musulunci. Malamai sun ce hani daga mummuna farilla ce ta kifaya, amma sun rarrabe: nasiha da kai rahoto na kowa ne, zartar da hukunci kuwa na shugaba ne. Saboda haka 'yan sintirin da suka kama ɓarawo suka lakaɗa masa duka har ya cika, ba hisba suka yi ba, rai suka ɗauka. Wajibi ne ƙaramar hukumar da ke ba su alawus ta tantance su, ta kuma koya musu iyakarsu.

Inda gizo ke saƙa shi ne siyasa. A 2023 rundunar 'yan sandan Kano ta karɓi tuban ɗimbin 'yan daba, abin a yaba. To amma yaron da ya ajiye makami bai sami sana'a ba, lokacin zaɓe kuma ɗan takara ya neme shi da kuɗin ƙwaya, ina za shi? Wanda ya yi amfani da 'yan jagaliya ya hau kujera, da wane bakin zai jagoranci taron tsaro? Mu ma masu hawa mumbari muna da tambayar da za mu amsa idan muka ga haka muka yi shiru.

A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Duk da aiwatarwar na tafiyar hawainiya, kwamitin masallaci na da damar gayyatar kansila ya bayyana nawa aka ware wa fitilu, nawa aka ware wa koya wa tubabbun matasa sana'a, da kuma ranar da kwamitin tsaro zai sake zama.