Kobo Nawa a Sakan? Gaskiya da Jita-jita kan Sauya Tsarin Waya

A bakin shagon mai caji a Ɗan Isa kawuna ya miƙo min wayarsa, ƙarama mai tocila, an ɗaure murfin bayanta da roba. Ya ce, "Ɗan nan, duba min wagga waya. Shekaranjiya nis sa katin ɗari biyar, yau sun ce ban da ko sisi. Mi ka cinye min kuɗɗi?"

Kafin in buɗe baki, mutum uku da ke wurin sun riga ni amsawa. Wani ya ce ya yar da sim ɗin ya sayi sabo. Wani ya ce kada ya wahalar da kansa, tun da aka yi ƙarin kuɗi kamfanonin duk bakinsu ɗaya. Mai shagon kuwa, yana jera wayoyi a kan katako, ya ce, "Baba, koma tsarin da ke ninka kati, shi ne na talaka." Kowa da yaƙini ya yi magana, kuma kowa da ɗan abin da ya gani. Na ɗauki maganganun nan da muhimmanci, domin a yankinmu kati a waya yana iya zama rai. Da shi ake sanar da ƙauyen gaba cewa an ga motsin 'yan bindiga, da shi direba ke tambayar lafiyar hanyar Shinkafi ko ta Zurmi kafin ya tashi daga Ƙaura, kuma ta wayar ne kuɗin ɗan ci-rani ke isowa gida.

Bari in fara da ta mai shago, don ita ta fi yaɗuwa: wai tsarin da ya fi garaɓasa shi ya fi araha. Rabinta gaskiya ne, kuma rabin da ya rage shi ke cin kuɗin mutane. Kamfani idan ya ninka maka kati, aljihu biyu yake buɗe maka. Ɗaya na kuɗinka na ainihi, ɗaya na garaɓasa. Farashin sakan a aljihun garaɓasa ya fi tsada sosai, kuma yana da wa'adi, galibi 'yan kwanaki. Sau da yawa har aljihun ainihin ma ana cajinsa fiye da na tsarin da ba shi da garaɓasa.

Mu ƙaddara lissafi, da alƙaluman misali. Ka sa naira 500 a tsari marar garaɓasa mai kobo 23 a sakan: ka samu kusan minti 36, kuma kuɗin na nan har ka cinye su. A ɗaya tsarin an ba ka garaɓasar naira 1,500 ta kwana 7 a kan kobo 75, kuɗinka na ainihi kuma a kan kobo 45. Garaɓasar minti 33 ce, ainihin minti 18 da ɗoriya, jimilla kusan 52. Dillalin hatsi da ke wuni yana kiran abokan cinikinsa na kasuwar Shinkafi zai ƙarar da ita cikin mako, shi ya ci riba. Amma dattijon da ke kiran minti biyu a rana, minti 14 kawai zai taɓa kafin wa'adi ya cika, sauran su bi ruwa. Ya tashi da minti 32, ƙasa da wanda bai karɓi kyautar komai ba. Ga kuma abin da mai talla a rediyo ba zai faɗa ba: agogon garaɓasa ba ya tsayawa don sabis ya ɗauke. A garin da ake iya yin kwana uku babu sanda ko ɗaya a fuskar waya, kwana bakwai na kamfani kwana huɗu ne a gare ka.

Wannan ruɗani ya yi yawa har Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta fitar da ƙa'ida a watan Yulin 2024 cewa kowane kamfani ya taƙaita tsarukansa zuwa 7, ƙunshin tayinsa zuwa 100, kuma ya bayyana wa mai saye farashin garaɓasa da wa'adinta a fili. Don haka haƙƙinka ne ka sani. Tambaya biyu ce: kobo nawa a sakan, kuma kwana nawa? Akwai ta uku ga tsarukan da ke tallar farashi mai rahusa ƙwarai: shin suna cire wani kuɗi a kiran farko na kowace rana, ko sai ka yi wasu sakanni da tsada kafin rahusar ta fara? Mai gajeren kira, irin "kun kwana lafiya, to madalla", a nan yake faɗawa, don bai taɓa isa wurin rahusar ba.

Maganar lissafin sakan ma tana da tarihi. Lokacin da MTN da Econet suka fara aiki a watan Agustan 2001, naira 50 ake biya a minti, ko da sallama kawai ka yi ka kashe. Sai da Glo ya shigo a 2003 da lissafin sakan-sakan sauran suka bi sahu dole.

Sai batun cewa wanda ke son araha dole ya sake sim. Wannan jita-jita ce tsagwaronta. Tsari daban, lamba daban. A cikin kamfani ɗaya, da lambobin da ake dannawa ko ta kiran 300 ake komawa wani tsarin, lambarka tana nan daram. Galibi sauyin farko kyauta ne, idan ka maimaita a cikin wata ɗaya ake cire wani abu, kuma garaɓasar tsohon tsari ba ta bin ka. Ko kamfanin ne gaba ɗaya ya ishe ka, tun watan Afrilun 2013 doka ta ba ka damar ƙaura da lambarka. Ka je ofishin kamfanin da kake son komawa da shaidarka, ka cike takarda, ka tura kalmar PORT zuwa 3232, su ba ka sabon sim mai ɗauke da tsohuwar lambarka. Ƙaurar ba ta da kuɗi, sai dai kati da datar da suka rage a tsohon kamfani sun tafi, don haka a cinye su tukuna. Ga mutumin Ɗan Isa tsadar tana kan hanya: kuɗin mota zuwa Ƙaura ko Gusau, da wunin da zai bari, da fargabar tafiyar. Wannan ma ya shiga lissafi.

Ƙaurar nan ta kashe wata tsohuwar sani. Da, idan ka ga 0803 ka san MTN ne, 0802 Airtel, 0805 Glo. Yanzu farkon lamba ba hujja ba ne. Haka nan maganar cewa kiran layi iri ɗaya ya fi sauƙi, a da gaskiya ce, yau tsaruka da yawa farashinsu ɗaya zuwa kowane layi.

Abin da ya fi damuna shi ne shawarar "yar da shi ka sayi sabo", kuma a nan nake son mai karatu ya tsaya. Tun watan Disambar 2020 gwamnati ta wajabta haɗa kowane layi da lambar NIN. Layin nan kuma shi ne a jikin asusun bankinka da lambar BVN, ta kansa alat ke shigowa, ta kansa ake turo lambar sirri ta cire kuɗi. Layin da aka bari watanni shida ba kira, ba saƙo, ba sa kati, kamfani na iya rufe shi, idan aka ci gaba da barinsa kuma a sayar da lambar ga wani. Daga ranar, baƙon da ba ka taɓa gani ba shi ke karɓar saƙonnin bankinka. Na san wata gwaggo tamu da ta ajiye tsohon layinta a cikin gwangwanin zare don an ba ta sabo mai garaɓasa. Da ɗanta ya turo kuɗin taki, ta rasa hanyar tabbatarwa, sai da aka yi sawu biyu zuwa banki kafin a sauya lambar, damina kuwa ba ta jira. Wanda ya ga dole ya bar layi, ya fara zuwa banki ya cire shi daga asusunsa. Wanda ke son ajiye shi, ya riƙa sa masa ɗan kati yana kira da shi lokaci-lokaci.

To, shin gaskiya ne tun ƙarin kuɗi duk kanwar ja ce? A'a. A ranar 20 ga Janairun 2025 NCC ta amince wa kamfanoni su yi ƙarin da bai wuce kashi 50 cikin 100 ba. Su kashi 100 suka nema, suna kukan tsadar man dizal da ke tafiyar da ƙarafan sabis da faɗuwar naira, kuma MTN kaɗai ya bayyana asarar kusan naira biliyan 400 a 2024. Saƙon tes ya tashi daga naira 4 zuwa 6. Masu cewa ƙarin ya wuce rabi su ma sun ga wani abu: a watan Fabrairun 2025 MTN ya ɗaga datar 15GB ta mako daga naira 2,000 zuwa 6,000, aka yi ca a kansa har ya fito ya ba da haƙuri. Amma abin da hukuma ta yi rufi ne, ba ta yanke farashi ɗaya ba. A ƙarƙashin rufin nan tsaruka sun bambanta, ko a cikin kamfani ɗaya, kuma wanda ya yarda cewa duk ɗaya ne zai zauna a mai tsadar ba tare da ya duba ba.

Mu koma ga tambayar kawuna, mi ka cinye kuɗɗi. Mutane na cewa kati yana zurarewa da kansa. Kati ba ya zurarewa, amma akwai hannuwa da yawa a cikin ƙwaryar, kuma wasu ba da yardarka ta gaskiya suka shiga ba. Da na danna *310# na ga ragowarsa, sannan na bi saƙonninsa ɗaya bayan ɗaya. Ya ci bashin kati makon da ya wuce, aka cire shi tun shigar sabon, bashin da aka saba ɗora wa ladan kashi 15 cikin 100. Akwai wata waƙar masu kira da bai san da ita ba, wadda ake sabuntawa a kai a kai, wataƙila wani jika ya danna "1" a lokacin da talla ta faɗo. Akwai kuma saƙonnin labaran ƙwallo na kullum, ga mutumin da ba ya karanta boko. Wannan ya ɓata min rai ƙwarai, domin tallar da ke faɗowa da Turanci a wayar wanda bai iya karanta ta ba, a ce dannawarsa yarda ce, zalunci ne ko da doka ta yi shiru. Sannan tun tsakiyar 2025 naira 6.98 da ake biya duk lokacin da aka yi hulɗar banki ta hanyar danna lambobi, daga katin waya ake cire ta, a da kuwa daga asusun banki ne. Mai duba asusunsa sau biyar a rana yana jiran alat ya ba da kusan naira 35 bai kira kowa ba.

Maganin waɗannan yana hannu. Tun 2023 lambobin sun zama iri ɗaya a duk kamfanoni: *310# duba kati, *323# duba data, *305# dakatar da irin waɗancan hidimomi. A tura STOP zuwa 2442 a toshe tallace-tallace. Idan ka kai kuka ga kamfani a 300 ba a share maka hawaye ba, 622 layin NCC ne, kuma kyauta ne. Masu babbar waya su kuma, ɓarawon datarsu yawanci yana cikin wayar: bidiyon da ke saukar da kansa a zaurukan WhatsApp, na Facebook da TikTok da ke kunna kansu, da manhajojin da ke sabunta kansu da dare. Idan data ta ƙare ba a kashe ta ba, wasu tsarukan kan koma cin kuɗin kira da tsada.

Akwai magana ɗaya da babu wanda ya faɗa a shagon, ita ce kuma nake ganin ta fi duka nauyi a arewacin Zamfara. Kamfanin da ya fi araha a Gusau ko Kano ba lallai ne yana kamawa a unguwarku ba. Sabis daga ƙarfe yake fitowa, ƙarfe kuma sai an kai masa dizal, sai injiniya ya iso shi idan ya lalace, kuma mun san yadda hanyoyinmu suke. Kafin ka ƙaura da lambarka, ari wayar maƙwabcin da ke kan wancan layin ka gwada a tsakar gidanka, a gona, da tsakar dare, ba a bakin titi kaɗai ba. Shi ya sa riƙe layi biyu da mutanenmu ke yi hikima ce, muddin ana ciyar da kowanne. Sai dai kada a ɗauka layi biyu kariya ce daga komai. A farkon Satumbar 2021, bisa buƙatar Gwamna Bello Matawalle, NCC ta umarci kamfanoni duka su rufe sabis a faɗin jihar saboda yaƙi da 'yan bindiga. An buɗe wa Gusau a farkon Oktoba, sauran ƙananan hukumomi suka ci gaba da jira har makonni bayan haka. Mutane sun riƙa hawa mota har Funtuwa don su ce wa ɗan'uwa suna raye. Garaɓasar kowa ta ƙone a aljihu a lokacin, wanda ya bar kuɗinsa a aljihun ainihi ne ya tarar da su.

A kan bencin shagon muka cire wa kawu waƙar da labaran ƙwallo, muka tura STOP, muka mayar da shi tsari marar garaɓasa, domin kiransa gajere ne: 'yarsa da ke aure a Zurmi, da mai shagon taki, da liman idan an yi rasuwa. Mai shagon cajin shi kuma na ce ya zauna inda yake, don shi wuni yake a waya, garaɓasar tana yi masa aiki. Kawu ya sayi katin ɗari biyu, ya ba ni in kankare masa, sannan ya ce in rubuta masa *310# da manyan baƙaƙe a bayan takardar katin. Ya ninke ta ya cusa ƙarƙashin robar da ke riƙe da murfin, ya matsa gindin darbejiya inda sabis ya fi kamawa, ya kira Zurmi.