Sola ta shigo kasuwa, binciken malamanmu bai biyo ta ba

A Gariki ta Inugu, ko bakin gada a Anaca, ko Diobu a Fatakwal, mai cajin waya ya saba ajiye ƙaramin janareto a bayan teburinsa, hayaƙi na dukan mai shayin da ke kusa. Yanzu da yawansu sun ɗora faifan sola a kan rumfa, batiri na ƙarƙashin benci.

Tsadar mai ce ta kawo wannan sauyi. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin kwanaki, a 2024 kuma ta wuce 1,000. Ribar caji ba ta iya ciyar da janareto. Sai dai mai ƙanƙara da mahaucin da ke buƙatar firji har yau suna nan da fetur, domin batirin da zai ɗauki nauyinsu ya fi ƙarfin jarinsu.

Abin da ya kamata ya dami kowa shi ne kusan duk kayan nan daga Sin ake shigo da su, alhali Najeriya ta daɗe da masana a fannin. Farfesa Abubakar Sani Sambo, injiniyan da ya yi karatu a ABU Zariya da Jami'ar Sussex ta Ingila, ya jagoranci Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato, ya yi shugaban Jami'ar ATBU Bauchi, sannan ya riƙe Hukumar Makamashi ta Ƙasa daga 2005 zuwa 2012. A Nsukka ma, cikin jihar Inugu, akwai irin wannan cibiya. An ƙera murhun rana da na'urar busar da amfanin gona, amma masana'antar da za ta ɗauka ta buga su da yawa ba ta samu ba, kuɗin bincike kuma kullum a takure.

Batirin haidirojin ya fi nuna giɓin da ke tsakanin bincike da kasuwa. Na'ura ce da ke haɗa haidirojin da iskar shaƙa ta ba da lantarki, ruwa da zafi kawai take fitarwa. William Grove ya gwada ta tun 1839, Toyota kuma ta fito da motar Mirai a 2014. Ana iya tace haidirojin daga iskar gas, wadda ake ƙonawa a banza dare da rana a yankin Neja Delta, kusa da Fatakwal ɗin da baƙin ƙurar hayaƙi ta addaba tun 2016. Tsadar na'urar gaskiya ce, domin wasu nau'o'inta sai da filatinam, kuma ba mai cajin waya ne zai fara saye ba. Amma ɗakin sanyi guda na mahautan kasuwa wuri ne da ya dace a gwada.

Ya kamata shugabannin kasuwa da sarakunan Hausawan Inugu da Anaca da Fatakwal su kai buƙatarsu Nsukka a rubuce, malaman kuma su zo kasuwa su auna wutar da ake sha.