Shin Ko Kun San Abin Da Ke Kashe Batirin Mota?

Shin ko kun san batirin da ya ƙi tayar da mota da asubar hunturu a tashar Jega, tun bazara ya fara mutuwa? Ƙwarai kuwa! Zafin watan Afrilu, wanda ke haura digiri 40 a nan Kebbi, shi ke ƙafar da ruwan batir, ya riƙa cin farantan dalmar da ke ciki. Masana sun ce duk ƙarin zafi na kamar digiri 10 yana rage rabin kwanan batir. Rabi fa! Sanyi tona asiri kawai yake zuwa yi.

Yaya yake tonawa? Jikin batir ya mutu, wuta ta ƙi fitowa da ƙarfi, ga baƙin mai ya yi kauri a inji. Direba ya yi lodin albasar Aliero tun dare, da sassafe ya murɗa makulli yana hura hannu. Ƙyat, ƙyat, shiru. Sai ka ji "a zo a tura!" Amma ku lura, mai giyar hannu ce ke tashi da turi. Mai otomatik, ko unguwa guda aka tara sai dai a sha wahala.

Ga wani abin mamaki. Batirin da muke kira mai bolt 12, ɗaki shida ne a cikinsa, kowanne na ba da bolt 2.1. Cikakkensa 12.6 ke nan. Idan mai gyaran wuta ya ɗora mita ya ga 12.2, kada ku ce da sauƙi. Rabin cajin ya tafi! Ɗan wannan bambancin!

Tayar da inji sau ɗaya kan zuƙi amfiya sama da 100 cikin daƙiƙoƙi, wani lokaci ninkin haka. Daga gida zuwa kasuwa a kashe ba ya biyan wannan bashin. Motar da ke yawan zama, a hau titi da ita ko sau ɗaya a mako, daga Jega zuwa Maiyama a dawo. Ni a ganina ya fi yawon aron wuta kowace safiya.

Kun taɓa ganin farin gari ya taru a kan batir kamar kanwa? Shi ke tare wuta. A cire kan, a wanke da ruwan ɗumi, a ɗaure tamau. Ruwan ƙari kuma tataccen ruwan batir za a saya, ban da na rijiya.

Shekarun irin wannan batir fa? Wani Bafaranshe, Gaston Planté, ya ƙirƙiro shi a 1859. Shekara 44 kafin Turawa su ci Sakkwato! Ya girmi motar kanta, wadda Karl Benz ya yi wa rajista a 1886. Kafin Cadillac ta zo da kik na lantarki a 1912, da hannu ake juya inji, har ƙarfen juyawar kan karya wa mutum hannu.

Lambar CCA da ke jikin batir kuwa, mai nuna ƙarfinsa na tayar da inji, a sanyin digiri 18 ƙasa da sifiri ake gwada ta, na daƙiƙa 30. Jaurarmu ba ta ko kusa!

Ku ɗaga shi ku ji nauyi. Fiye da rabinsa dalma ce, dalma kuwa guba. Ita ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010, daga duwatsun zinariya da ake niƙawa cikin gidaje. Don Allah kada a fasa tsohon batir a tsakar gida. A mayar wa mai shago, a faɗa wa maƙwabta ma.