Kunnen Mai Turi

Shagon mai turi ba ya buƙatar allon talla, tun daga nesa sifika ke sanar da kai inda yake. In ka leƙa za ka tarar da tebur ɗaya, da kwamfuta, da wayoyin caja a cukurkuɗe, da bencin masu jira, sai ƙaramin janareta a bakin ƙofa ɗaure da sarƙa. Hajar kuwa ido ba ya ganinta. Waƙoƙi, karatun Alƙur'ani, tafsiri, wa'azi da fina-finai duk suna cikin wani rumbun ajiya da bai fi tafin hannu ba.

Sana'ar jikar sana'ar kaset ce. Da can ana kwafa daga kaset zuwa kaset, sai faifan CD ya karɓe kasuwa, lokacin da dillalan Ƙofar Wambai a Kano ke raba fina-finan Hausa zuwa garuruwa har Nijar. Yau memori da filasha ne ke ci. Amma faifan bai mutu murus ba, saboda akwai mai tsohuwar mota da na'urarta ba ta san komai ba sai shi, akwai kuma masu son a ajiye musu abu a inda za su iya riƙewa a hannu.

Mutane na ɗauka aikin danna madanni ne kawai. Wanda ya zauna a bencin nan na yini ɗaya zai gane aikin kunne ne.

Ɗauki faifan CD na asali, irin wanda kamfanonin Sony da Philips suka fitar a 1982. Na'ura na auna sautin sau 44,100 a kowace daƙiƙa, ta ɓangaren dama da na hagu, ta rubuta shi da lambobi. Idan mai turi ya kwashe shi zuwa kwamfuta yadda yake, ba ragi, ya samu abin da ake kira WAV. Sauti ne cikakke, sai dai akwai cin wuri: minti ɗaya na cinye kusan megabait 10. Faifai mai megabait 700 minti 80 kacal yake ɗauka. Wannan nauyi ne ya sa masana a cibiyar Fraunhofer ta Jamus, cikinsu har da Karlheinz Brandenburg, suka yi shekaru suna neman dabarar rage shi, har aka samu MP3 a farkon shekarun 1990.

Dabarar a kan raunin kunnen ɗan Adam aka gina ta. A gidan biki, in an saki ganga, ba ka jin raɗar na kusa da kai ko da bakinsa na motsi. To MP3 irin waɗannan ƙananan sautukan da babba ya danne yake tsincewa ya zubar, tare da siraran sautuka na can sama da kunnen manya ya riga ya daina kamawa. Yawan abin da za a zubar kuwa mai turi ne ke yankewa, da lambar da ya zaɓa. A kan 320, da wuya kunne ya bambanta shi da faifan asali, kuma faifai ɗaya zai ɗauki kusan awa biyar. A kan 128, zai ɗauki wajen awa goma sha biyu, amma mai kunne zai fara jin kacau-kacau da tafi sun zama wani shuu. In aka gangara 64 da waƙa, sai ka ji kamar mawaƙin na cikin rijiya.

Akwai kuma FLAC, da ya fito a 2001, wanda ke rage nauyi zuwa wajen rabi ba tare da zubar da komai ba. Shi ninke riga ne a sa a jaka, in an warware ta dawo yadda take. MP3 kuwa almakashi ne. Matsalar FLAC ita ce yawancin ƙananan rediyoyi masu cin memori, da na'urorin tsofaffin motoci, ba sa karanta shi, don haka a rumbun mai shago yake zama, ba ya zuwa hannun mai saye.

A nan ne ake gane gwani. Gwani na ajiye uwa, wato kwafi mafi kyau da ya taɓa samu, daga ita yake yanko wa kowa gwargwadon buƙatarsa. Direban da zai kama hanyar Kano zuwa Maiduguri da manyan sifiku a bayan mota, a ba shi mai nauyi. Dattijon da ke son tafsirin azumi gaba ɗaya a ɗan rediyonsa, muryar mutum ɗaya ce, 64 ta ishe shi. In aka ce awa biyu kullum har kwana talatin, awa 60 ke nan, za su shiga memori mai gigabait 2. A WAV sai sun haura gigabait 35, kuma rediyon nasa ba zai nuna masa bambancin ba.

Wanda bai iya ba kuwa, ko wanda ya iya amma ya zaɓi ha'inci, sai ya ɗauko waƙar da ta bi ta waya goma, an matse an sake matsewa, ya juya ta zuwa 320 ya ce ga babban sauti. Nauyi ne kawai ya ƙaru. Haka in ya buga ta a faifai a matsayin CD na sauti, faifan zai cika a minti 80, amma abin da almakashi ya yanke bai dawo ba. Nono ne aka tsarma wa ruwa, an sauya masa babbar ƙwarya. Ni a wurina wannan da tauye mudu ɗaya suke, bambancin kawai mai saye ba ya iya aunawa a gabanka.

Aikin da ya fi jan hankalina shi ne na tsohon kaset. Sai ka ga dattijo ya zo da shi a naɗe cikin leda, Shata ne ko Ɗanƙwairo, ko karatun wani malami da ya rasu, ya ce, "Yaro, ka mayar min da wannan cikin memori, amma ka bi shi a hankali, ba ni da wani." Mai shago ya karɓa da hannu biyu, ya ce, "In sha Allahu, Baba, amma sai gobe." Dole sai goben. Kaset ba ya gaggawa, mai minti 90 sai ya yi minti 90 yana juyawa. Kafin nan sai an sa biro an ɗaure zaren da ya saki, in ya tsinke a liƙe, a goge kan na'urar da auduga. Sannan a haɗa ta da kwamfuta, a daidaita ƙarfin sauti. In ya yi yawa, duk inda kalangu ya doka sai ya fashe, kuma fashewar ba ta gyaruwa. In ya yi ƙasa, shuu ɗin kaset ya rinjayi murya. Akwai manhajar da ke rage shuu ɗin, amma in aka cika mata hannu sai ta tafi da zaƙin amshi. Gwanaye da dama gara su bar ɗan shuu, tunda da shi Baba ya saba jin abinsa.

Bugun faifai shi ma da nasa ladabin. Faifan da ba a rubuta komai a kai ba yana da wani siririn rini a ciki, haske mai ƙarfi ne ke ƙona shi ɗigo-ɗigo. Masu kula ba sa sakin na'ura da cikakken gudunta, sukan rage zuwa 8 ko 16, don tsofaffin na'urori sun fi karanta wanda aka buga a natse. In aka ɗauke wuta ana tsaka da bugu, faifan ya tashi aiki, sai shara. Kuma rinin ba ya shiri da rana. Wanda ya bar faifai a gaban mota lokacin bazara, shi zai dawo yana cewa an ba shi jabu.

Samun mai shago kuwa na tafiya ne da ɗai-ɗai: ana biya kan kowace waƙa ko fim, ko a yi jimla a cika memori. Daga ciki za a cire kuɗin haya, da data, da faya-fayan da ake saya a ƙunshin hamsin-hamsin wasu kuma su lalace, da man janareta, wanda tun cire tallafin fetur a 2023 ya zama babban abokin rabo. Ga memorin jabu da aka rubuta wa gigabait 32 alhali cikinsa bai kai ba, a loda masa kaya ya watsar, laifi ya hau kan mai turi. Ga cutar kwamfuta da ke shigowa ta filashar abokin ciniki. Mafi muni, rumbu ya mutu da tarin shekaru a cikinsa, shi ya sa mai hali ke ajiye na biyu a gida.

Sai kuma ƙorafin mawaƙa da 'yan fim, waɗanda suka daɗe suna kukan ana cin guminsu ba da izini ba. Kukan na da tushe, kuma mai shagon da ke son dorewa ya san gara ya sayi uwa daga hannun mai ita. Ko ba don komai ba, ta fi wadda aka tsinta a intanet sauti.

Matasa yanzu suna sauke abinsu da kansu, su tura wa juna ta Xender ko WhatsApp. Masu zuwa benci sun ragu, saura direbobi, da mutanen karkara ranar kasuwa, da dattawa masu kaset a leda. Washegari in Baba ya dawo, mai shago ba ya miƙa masa memori kai tsaye. Sai ya karɓi ɗan rediyon nasa, ya sa a ciki, ya rage ƙarar sifikar shago, su saurara tare har kalangu ya shiga.