Daga Dandali Zuwa Fim: Wace Waƙa Za A Ɗauka, Wace Za A Bari?

Duk mai yawo a TikTok a ƙarshen 2024 ya ci karo da Cynthia Erivo, 'yar asalin Najeriya haifaffiyar Landan, fuskarta shafe da koren launi tana rera waƙa. Fim ɗin Wicked ke nan. Tun 2003 ake yinsa a dandalin Broadway na Amurka, sai bayan shekara 21 ya shiga silima.

Maimakon su yi ta datse waƙoƙi, masu fim ɗin sun raba shi gida biyu, na biyun ya fito a Nuwamban 2025 da sababbin waƙoƙi biyu. Akwai lissafi a ciki: a gasar Oscar, waƙar da aka rubuta don fim ɗin ce kawai ke shiga takarar waƙa, ta dandali ba ta shiga.

Mu ma mun taɓa bin wannan hanya. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay ne suka mai da shi wasan dandali, Adamu Halilu kuma ya yi fim ɗinsa a 1976.

To a ce yau wani darakta ya ɗauko rayuwar Ibrahim Narambaɗa Tubali, makaɗin kotson Sarkin Gobir na Isa Amadu. Nan ake yinta! Waƙar fada ba ta gaggawa. Jagora ya kawo ɗa, 'yan amshi su karɓa, a koma gindin waƙa, a sake dawowa. A ƙofar fada wannan maimaicin shi ne daɗin, amma a waya, kun san halinmu, minti uku ya isa mu ja fim gaba.

Dokin Iska Ɗanhilinge mai sauƙi ce, a saki doki a fili kyamara ta bi ƙurarsa. Waƙoƙin sarauta fa? Yabo da zambo tare suke tafiya, kuma waɗanda aka yi wa zambo a wancan zamani sun bar jikoki. A cire zambon, waƙa ta koma miya ba gishiri. A bar shi, a taso da tsohuwar gaba.

Sannan wa zai rera? In aka ba mawaƙin sutudiyo na Kano ya ɗora a fiyano, harshen Gobir ya tafi, kuma dattawan Sabon Birni za su gane tun a baitin farko. Ga matsalar 'yan bindiga a yankin, wadda za ta sa da wuya darakta ya yarda ya kwashi ma'aikata da kyamara ya nufi Isa.