Ɗakin Gwaje-Gwaje: Darasin Lassa Ga Ɗaliban Kankiya

Makarantar koyon aikin kiwon lafiya da ke Kankiya, a Jihar Katsina, tana yaye samari da 'yan mata waɗanda ke watsuwa cikin asibitoci da ɗakunan shan magani, tun daga babban asibitin garin har ƙauyukan Kusada. Da yawansu za su riƙa taɓa jini da majina da fitsarin marasa lafiya kowace rana. Wasu kuwa suna ɗaukar dokokin ɗakin gwaje-gwaje tamkar abin haddacewa don cin jarrabawa, alhali an yi asarar rayuka kafin a san darajarsu.

A cikin 1969 wani baƙon zazzaɓi ya ɓulla a garin Lassa, a Jihar Borno ta yanzu, ya kashe ma'aikatan jinya biyu na mishan. Aka aika da jinin waɗanda suka kamu zuwa Jami'ar Yale a Amurka. Can kuma cutar ta kama babban masanin da ke bincikenta, Jordi Casals, ya sha da ƙyar bayan an ƙara masa ruwan jinin wata ma'aikaciyar jinya da ta warke. Kafin shekarar ta ƙare wani ma'aikacin gwaje-gwaje, Juan Roman, ya rasu, ko da yake ba shi cikin masu aiki da ƙwayar cutar. Jami'ar ta dakatar da binciken, aka mai da shi Atlanta.

Wanda ya fi ban tausayi shi ne na Likita Jeanette Troup ta asibitin mishan na Jos. A farkon 1970 tana binciken gawar wanda zazzaɓin ya kashe sai ta yanke a yatsa. Ƙwararriya ce, ta kuwa san cutar, amma watan Fabrairu bai ƙare ba sai da ta rasu.

Saboda haka in an ce wa ɗalibi kada ya taɓa jini ba safar hannu, kada ya mai da murfin allura bayan ya yi aiki da ita, kada ya zuƙi ruwan gwaji da baki, kada kuma ya ci goro ko ya sha ruwa a bakin teburin aiki, ba tsanani ba ne. Har yanzu zazzaɓin Lassa yana tashi a Nijeriya duk rani, kuma farkonsa ba ya rabuwa da zazzaɓin cizon sauro. Watau kwalbar jinin da aka kawo daga ƙauye ba ta faɗin abin da ke cikinta.

Kayan aikin ma amana ne. Ƙurar hunturu tana cin idon madubin likita in an bar shi ba rufi. Tukunyar dafa kayan aiki sai ta kai zafin digiri 121 na minti 15 kafin a amince da ita. Firijin ajiye magungunan gwaji ana so ya tsaya tsakanin digiri 2 da 8, a duba safe da yamma a rubuta. In wuta ta ɗauke aka yi shiru, gwajin gobe ƙarya zai faɗa, likita kuma ya ba da magani a kan ƙaryar. Shi kuwa makullin ɗakin, a hannun mutum guda ya kamata ya kwana, wanda sunansa ke cikin littafin ajiya, ba a rataye a ƙusa bayan ƙofa ba.